Motar da Ba Ta Zuwa Ko'ina

Har yanzu motar makarantar tana bi ta layin kowace safiya, da fentinta mai ruwan ɗorawa da tsagaggen gilashin nan na gefen hagu. Wani saurayi ne yake janta yanzu, kuma ba a ce ba shi da kirki ba. Sai dai idan ya ɗora hannu a kan hon ba ya ɗagawa, kamar gobara ta tashi. Mutanen layin kuwa kunnensu ya saba da wani hon daban, guda ɗaya, gajere, kamar baƙo ya yi gyaran murya a ƙofar gida. Wannan hon ɗin Sai-a-Hankali ne, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Yaran makaranta ne suka laƙaba masa sunan, don ko mai keke yana iya wuce shi a hanya. Bai taɓa jin haushi ba. Cewa yake yi, da can yana jan babbar mota buhuna yake ɗauka, in sun zube a kwashe, yanzu kuwa 'ya'yan mutane ne a bayansa.

Bai yi nisa a boko ba. Yana ajin ƙarshe na firamare mahaifinsa ya rasu, wani kawunsa ya ja shi ya zama yaron mota. Ya wanke manyan motoci, ya kwana a ƙarƙashinsu, ya sha ranƙwashi a wurin direbobi har ya iya tuƙi. Ya yi shekaru a doguwar hanya, sai da bayansa ya fara ciwo sannan ya sauka ya kama aikin makaranta. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, kuma ba ya tayar da mota sai ya buɗe bonet ya duba ruwa da baƙin mai, ya kara kunne ya saurari inji kamar likita da majinyaci. Da safe ba ya ƙirga yara da baki. Madubi kawai yake kallo, ya san fuskar da babu.

Amininsa shi ne Mai Faci, wanda rumfarsa take bakin filin da ke bayan gidajen hayar. Tun suna samari suke tare, ba su taɓa rabuwa da tsokanar juna ba. A wannan filin ake ajiye motar idan an yi dogon hutu, saboda makaranta ta yarje masa ya riƙa tayar da ita kullum. Dalili kuwa, akwai shekarar da aka bar ta a harabar makaranta babu mai taɓa ta, ranar komawa aka murɗa makulli ta ce ba ta san zancen ba. Malamai da ɗalibai suka yi ta turi har bakin titi, shi kuwa yana zaune a kan sitiyari kunya kamar ta kashe shi. Tun daga ranar ya yi rantsuwa ba za ta ƙara kwana biyu a jere ba ta ji ɗumin kanta ba.

'Ya'yansa huɗu. Babbar mace ce, sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka ba ya kiranta sai da Uwata. Albarkacin aikinsa ta samu gurbi a makarantar, har ta kai ajin kimiyya. Tun tana ƙarama, duk sanda motar ta hau gada sai ta leƙa ta taga ta tambaye shi me ya riƙe su ba su faɗa ruwa ba. Ya ce Allah ne, sai kuma waɗanda suka gina ta. Ta ce to ita ma gada za ta gina. Ya riƙe maganar nan a ransa fiye da yadda ita ta riƙe.

A ranar da aka ba da hutun da ake wannan labari a kansa, shugaban makaranta ya kira shi ofis. Ya ce yarinya tana da kai, amma ta faɗi lissafi, faɗuwa ba ƙarama ba. Za a sake mata jarrabawa ranar da aka dawo. In ta ci ta ci gaba da ajinta, in ta sake faɗuwa dole a cire ta daga kimiyya, dokar ba ta bar ɗan kowa ba. Direba ya ce ya gode, ya fito yana murza hularsa. A hanyar komawa gida ya hango ta a madubi, ta kifa kai a jikin taga.

Makon farko ta yi alkawari iri-iri. Da ta idar da sallar asuba za ta fara, da ta gama wanke-wanke za ta fara, bari rana ta yi sanyi tukuna. Gidan kuwa ɗaki ne da falo. Ƙannenta maza uku sun mayar da falon filin ƙwallo, talabijin ba ya hutawa, uwarsu kuma da ta ga mace zaune sai ta tuna akwai aike. Ga waya, ƙawaye suna ta turo hotuna daga wuraren da suka je hutu. Littafin lissafin ya koma ƙarƙashin matashi, ƙaramin ƙanenta ya zana masa kyanwa a bango.

Rannan uban ya shigo da rana ya tarar da ita kwance tana dariya ita da waya. Abin da bai saba ba ya yi. Ya daka mata tsawa har maƙwabta suka leƙo, ya fizge wayar, ya ce ta zauna nan ta yi karatu yana kallo. Ta zauna ɗin. Hawaye suka yi ta ɗiga a kan shafi, ba ta juya shi ba har la'asar.

Ya tafi rumfar Mai Faci ya zube a benci.

“Mutumina, yau kuma wa ya mutu?” in ji Mai Faci, yana tsoma tub a ruwa yana neman inda yake yoyo.

“Na yi wa Uwata ihu.”

“Kai? Ashe kana da murya. To ta yi karatun?”

“Ina fa. Ni ban san lissafin ba balle in koya mata. In na buɗe littafin nan, baƙaƙen kamar tururuwa suke mini.”

“To ka bar ta mana, hutu ne. Kai kanka hutu kake yi, ban da wannan tsohuwar da kake tasowa kullum kana cika mini rumfa da hayaƙi.”

Direba ya juya ya dubi motar. Ya daɗe yana kallonta, har Mai Faci ya gama facinsa ya hura tayar. Da ya tashi tafiya sai ya tsaya ya share ƙurar kujera ta uku a ɓangaren taga, wadda yarinyar take zama.

Washegari, daidai lokacin da ya saba ɗaukar yara, layin ya ji hon guda ɗaya. Direba ya dawo ƙofar ɗaki sanye da rigarsa ta aiki, a goge, har da hula.

“Uwata, mota na jira.”

Ta ɗago daga shimfiɗa, ido duk barci. “Baba, hutu fa ake yi.”

“Ita motar ba ta sani ba. Wanke fuska, ki sa takalmi, ki ɗauko jaka.”

Matarsa ta fito daga madafa riƙe da ludayi. “Malam, lafiya? Ina za ka kai ta? Wa zai yi mini wanke-wanke, wa zai ɗebo ruwa?”

“Leƙa ki gani.”

Ta leƙa. Randa a cike, kwanuka a kife suna tsanewa. Ya riga kowa tashi ya yi. Ta riƙe haɓa ta ce, “Ikon Allah. Shekara nawa ina fama, ashe lissafi ne maganinka.”

Yarinyar ta bi shi tana tura baki. A ƙofar mota ya miƙa hannu, ta gane, ta ba shi wayar da ya mayar mata da daddare. Ya buɗe ɗan akwatin da ke gaban mota ya saka, sannan ya zaro tasa ya ɗora a kai, har da ƙaramar rediyonsa da ba ya rabuwa da ita, ya rufe. Ya ce in za a yi azumin waya, tare za a yi. Ya ɗauko wani falle na katako ya gitta mata a kan hannun kujera ya zama tebur. Sannan ya zauna a mazauninsa ya murɗa makulli.

Motar ta ɗauka, tana kakkarwa yadda ta saba. Abin mamaki, da yarinyar ta ji wannan kakkarwa a ƙafafunta, da warin kujerun nan da ta sani, sai ta ga hannunta ya buɗe jaka da kansa. Da inji ya yi ɗumi ya kashe, wurin ya yi tsit, sai kukan tsuntsaye da bugun guduma daga rumfar faci. Bai juyo ya kalle ta ba. Ya ɗauki tsumma ya shiga goge-goge, ya ɗaure wannan, ya sa wa wancan mai. Da aka kira azahar ya buɗe ƙofa ya ce, “An iso.” Ya miƙa mata wayarta. Ya ce daga nan har gobe kada ya ga littafi a hannunta, ta yi wasa, ta yi barci, ta je gidan ƙawaye, hutunta ne.

Kafin mako ya zagayo layin duk ya ɗauka. Masu wucewa suna ɗaga hannu suna cewa a sauka lafiya. Mai shago ya aiko a tambaya ko akwai wurin mutum ɗaya. Mai Faci kuwa ya samu abin yi.

“Direba, yau ina aka nufa?”

“Inda muka tsaya jiya.”

“Wallahi wannan ce tafiyar da ta dace da kai. Ko a titi ma gudunka bai fi haka ba.”

Daga cikin mota sai a ji yarinyar ta tuntsire da dariya, uban ya ce, “Kawunki ne, ba shi da aikin yi. Idonki a hanya.”

Ba kullum abin yake tafiya daidai ba. Akwai safiyar da ta jefar da biro ta ce kanta ya toshe, wannan babin ko za a kashe ta ba za ta gane ba. Ya ce ta karanto masa. Ta karanto, ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai, ya ce gaskiya ko kalma ɗaya bai fahimta ba. Amma ya tambaye ta, wannan abin kafin a zo gare shi, me ake fara koya? Ta faɗa masa. Ya ce wancan ɗin ta iya? Ta girgiza kai.

“Uwata, in na zo hawa da kaya, ban taɓa cin sa da babbar giya ba. Komawa nake yi giya ɗaya, mota tana kuka, masu keke suna mini dariya, amma muna hawa. Ina littafinku na bara?”

“Baba, na yara ne fa.”

“Ni ma motar yara nake ja.”

Ta ɗauko na bara, daga baya ma har da na bara waccan, ta lulluɓe bangonsa da jarida don kada a gani. A nan ta gano ramin da ta daɗe tana tsallakewa.

Tsakiyar hutu aka samu tangarɗa. Ƙanwar uwarta ta zo da 'ya'yanta, ta ce a ba ta yarinyar su tafi can wurinsu ta ƙarasa hutu, akwai wurin shaƙatawa, akwai kowa da kowa. Uwar ta so, yarinyar ta fi kowa so. Direba ya ce a yi haƙuri sai wani hutun. Da baƙin suka tafi ta shige ɗaki ta juya wa duniya baya. Da safe ya danna hon, ba ta fito ba.

Ƙa'idarsa ce tun fil azal, ba ya danna hon sau biyu. Bai aika a kira ta ba, bai koma gida ya yi faɗa ba. Ya saka wayarsa da rediyonsa a akwati, ya gitta katakon a kujera ta uku, ya zauna. Rana ta taso ta bugi rufin motar, ciki ya koma kamar tanda, gumi ya jiƙa rigar aikin. Mai Faci ya zo da ruwa a kofi.

“Kai, fito ka sha iska. Fasinjarka ta yi yaji.”

“Lokacin tashi bai yi ba.”

“Wa kake tuƙawa?”

“Kujerarta.”

Da azahar ya buɗe ƙofa ya ce an iso, babu kowa, ya sauka. A gida bai ɗaga maganar ba, har ya tambaye ta ko ta ci abinci. Washegari haka. Tagar ɗakinsu tana kallon filin, kuma duk wanda ya ɗaga labule zai hango ƙeyarsa ta gilashin baya, da hular, ba ya motsi. Uwar ce ta fara karaya, ta ce da ita, “Ke dai kin san bayan ubanki ba lafiya gare shi ba.” Safiyar da ta biyo baya, kafin ya kai hannu kan hon, ya ji an taka matakala. Ta miƙa wayar ba tare da ta dube shi ba, ido ya kumbura.

“Baba, ka yi haƙuri.”

“Kin makara kwana biyu,” ya ce, yana gyara madubi. “Amma direban nan a hankali yake tafiya, ba mu yi nisa ba.”

Saura kaɗan a koma makaranta ciwo ya kayar da shi. Ba bayan ba ne, ƙirji ne. Ashe ya daɗe yana jin nauyi a wurin yana cewa iska ce. Aka kwantar da shi a asibiti, aka sa masa roba a hanci. Yarinyar ta tare a gefen gadon ta ce ba inda za ta. Ya bari sai da uwarta ta fita, sannan ya laluba ƙarƙashin matashi ya zaro makullin mota ya miƙa wa Mai Faci.

“Ka duba ruwa kafin ka tayar. Kada ka taka mata totur da yawa, ba tayar keke ba ce.” Ya juyo wurin 'yarsa. “Ke kuma da safe mota, da yamma nan. In kika zauna kina kallona, ni ba warkewa zan yi don kallo ba, kuma sai in kwanta da ciwo biyu.”

Washegari Mai Faci ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya duba ruwa, ya tayar, sannan ya kwanta a kan hon har karnukan layin suka amsa. Yarinyar ta fito da gudu, jaka a kafaɗa.

“Haba Kawu! Sau ɗaya ake yi, kaɗan.”

“To uwar direba, a gafarce ni, sabon hannu ne.”

Da kanta ta buɗe akwatin ta saka wayarta. Ta tsaya tana kallonsa har sai da ya gane, ya zaro tasa ya saka yana gunaguni cewa masu son faci za su neme shi. Haka ta yi sauran kwanakin, ita kaɗai a cikin mota, mazaunin direba babu kowa sai tsummansa a rataye a sitiyari. Da yamma in ta je asibiti, kafin ta gaishe shi yake tambaya, “Ina aka tsaya yau?” Ta faɗa masa sunan babin. Ya lumshe ido ya ce madalla, kamar garin da ya sani ne.

An sallame shi ana gobe komawa, da sharaɗin ba shi ba tuƙi. Makaranta ta turo saurayin nan ya karɓi motar. Da safe sai ga Sai-a-Hankali ya fito dafe da kafaɗar Mai Faci, cikin rigarsa ta aiki da ta yi masa yawa yanzu. Matarsa tana ta faɗa, ya ce ai ba tuƙi zai yi ba, fasinja ne. Saurayin ya murɗa makulli, motar ta ɗauka a bugu ɗaya. Direba ya dubi amininsa, fuskar nan ta cika da fara'a. Ya wuce mazauninsa ya je kujera ta uku ya zauna kusa da 'yarsa. Ya ce shekarunsa nawa a motar nan bai taɓa sanin bayan yana da jijjiga haka ba, ashe yaran suna da haƙuri.

A harabar makaranta ya ƙi shiga ofis ya sha fanka. A cikin mota ya jira. Da ta fito daga ɗakin jarrabawa ta tsaya a matakala, ba ta yi dariya ba, ba ta yi kuka ba.

“Baba, akwai guda biyu da ban ƙarasa ba.”

“Sauran fa?”

“Sauran na san hanyarsu.”

Bayan kwana kaɗan shugaban makaranta ya aiko. Ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta ma kusa ba, amma ta haye da sarari mai kyau, ta zauna a ajinta na kimiyya. Ranar Direba ya sa aka fito masa da kujera ƙofar gida, duk wanda ya wuce sai ya tsayar da shi ya faɗa masa, har da mai kwasar shara. Mai Faci ya ce tunda yake bai taɓa jin mutumin nan ya yi magana mai yawa haka ba, ashe tara ta yake yi.

Bai ga ƙarshen zangon ba. Wata safiya bayan motar ta wuce da yara, ya ce da matarsa zai ɗan kishingiɗa, shi ke nan. Mutumin da bai taɓa gaggawa ba, a wannan kam ya yi wa kowa sauri. Yaran da ya ɗauka shekara da shekaru, wasu har da gemu, su suka cika layin. Mai Faci ya yi kwanaki bai buɗe rumfa ba, da ya buɗe kuma ya daɗe ba ya iya duban ɓangaren bencin da amininsa yake zama.

Da aka sake ba da hutu, motar ta tafi unguwar sabon direba. Filin ya zama fili, sai sawun tayoyi huɗu da baƙin tabon mai a ƙasa. Safiyar farko Mai Faci yana jera kayan aikinsa sai ya ga yarinyar tafe, da takalmi da jaka, katakon nan a hammata, ƙannenta biyu suna biye da ita suna hamma. Ta gaishe shi, ta ja bencin zuwa kan sawun tayoyin, ta zaunar da yaran. Sannan ta buɗe akwatin kayan facinsa ta saka wayarta a kan su sifana.

“Kawu, taka.”

Ya zaro tasa wayar ya saka. Ya juya baya yana share ido da gefen riga, ya lalubo wani tsohon hon na keke mai roba a cikin tarkacensa. Ya dube ta, ta gyaɗa kai. Ya matsa sau ɗaya, kaɗan.

“Babba, buɗe na bara,” ta ce da babban ƙanenta. “Daga nan za mu fara.”